Wanne ya fi girma, uku bisa biyar ko biyar bisa takwas?

Wata malama da ta fara koyar da lissafi a aji biyar na firamare ce ta turo tambayar. Ta ce ɗalibanta ba sa shan wahala idan lambobin ƙasa iri ɗaya ne, kowa ya san 5/9 ya fi 2/9. Amma da zarar sun bambanta sai aji ya rikice, wasu har rantsuwa suke yi cewa 1/8 ya fi 1/6. An ba su aikin jera 2/3, 3/4, 5/8, 7/12 da 5/6 daga ƙarami zuwa babba, kusan rabin ajin suka faɗi. Tana so ta san hanyar da ta fi dacewa, da kuma ko ta fara da ninkin gicciye tunda shi ya fi sauri.

Malama, sannu da fama. Bari in fara da wanke yaran nan, domin ba shirme suke yi ba. Yaron da ya ce 1/8 ya fi 1/6 yana bin wata doka ce da muka shafe shekara huɗu muna cusa masa: takwas ta fi shida. A duk lissafin da ya taɓa yi kafin yau dokar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba. Yanzu ne karon farko da ta juya masa baya, kuma ba wanda ya zauna ya gaya masa dalili. Don haka maganin ba ƙarin dokoki ba ne, sai an koma an gyara fahimtarsa game da aikin lambar da ke ƙasan layi.

Lambar sama ƙirga take yi. Lambar ƙasa ba ta ƙirga komai, suna take raɗawa, ita ke gaya mana girman gutsuren da ake ƙirgawa. Idan na ce 3/5, ina nufin an raba abu guda gida biyar daidai-wa-daida, na ɗauki uku. Harshenmu ma ya riga ya nuna hakan: muna cewa rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Kowanne suna ne na wani girma, kamar yadda mita da santimita suke sunayen tsawo. Saboda haka 3/5 humusi uku ne, 5/8 kuma sumuni biyar. To, in aka tambaye ki wanne ya fi tsawo, ƙafa bakwai ko mita uku, ba za ki ce bakwai ta fi uku ki wuce ba. Za ki mayar da su ma'auni ɗaya tukuna. Duk hanyoyin da zan kawo nan gaba abu ɗaya suke yi: ko dai su mayar da gutsattsarin su zama girma ɗaya, ko su nemo wata dabara da za ta sa ba sai an yi hakan ba.

Kafin alli ya taɓa allo, ki sa su yanko zirin takarda masu tsawo ɗaya, kowane yaro guda huɗu ko biyar. Wannan a naɗe shi biyu, wancan huɗu, wancan takwas. Na uku da na shida sun fi wuyar naɗewa, sai an ɗan lallaɓa, amma wahalar ma darasi ce. A buɗe, a ja layi a kan kowace karya, a jera su wani ƙarƙashin wani gefensu na hagu a daidaice. Na taɓa ganin wani yaro da ya fi kowa kafewa a kan cewa 1/8 ne babba. Ya yanke sumuni ɗaya, ya yanke sudusi ɗaya, ya ɗora wannan a kan wancan, ya ga sudusin ya leƙo ta gefe. Ya juya su, ya sake ɗorawa, kamar yana zargin almakashin. Can sai ya ce, "Ashe in mutane sun yi yawa rabon kowa raguwa yake yi." Ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba, gani ya kori ji.

Ki lura na ce masu tsawo ɗaya. Wannan sharaɗi ne da littattafai kan wuce shi da gudu. Rabin igiya mai mita 4 mita 2 ne, sulusin igiya mai mita 9 kuwa mita 3 ne, ga shi sulusi ya fi rabi. Ba lissafin ne ya karye ba, abin da aka raba ne ba ɗaya ba. Duk lokacin da muka ce 1/2 ya fi 1/3, muna nufin daga abu guda aka ciro su. Yara kan faɗa ramin nan idan suna zane: a zana akwati babba don wannan kaso, ƙarami don wancan, sai zanen ya ba da amsar ƙarya.

Yanzu ga hanyar da ba ta taɓa kasawa, wato daidaita lambar ƙasa. Mu ɗauki 3/5 da 5/8. Muna neman gutsure ƙarami wanda zai auna humusi daidai ya kuma auna sumuni daidai ba saura. Idan aka raba abin gida 40, kowane humusi zai ƙunshi ƙananan gutsattsari 8, kowane sumuni kuma 5. Humusi uku sun zama 24, sumuni biyar sun zama 25. Ke nan 3/5 shi ne 24/40, 5/8 kuma 25/40. Biyar bisa takwas ya fi, amma da ƙyar, da ɗaya bisa arba'in kacal. Wannan irin tazarar ido ba zai kama ta a zanen hannu ba, shi ya sa takarda da almakashi ke da iyakarsu.

Abin da ya kamata yaro ya riƙe a nan shi ne dalilin da ya sa ake ninka sama da ƙasa da lamba ɗaya. Ba mu ƙara komai ba, ba mu rage ba, sake yanka kawai muka yi. A 3/5, kowane gutsure ya rabu gida takwas, don haka yawan waɗanda ke hannunmu ya ninku sau takwas, yawan waɗanda ke cikin abin gaba ɗaya ma ya ninku sau takwas. Yaron da bai gane wannan ba shi ne za ki ga ya mayar da 3/5 ya zama 3/40, ya canja ƙasa ya bar sama. Wani kuma zai yi tarawa maimakon ninkawa: ya ce tunda an ƙara 3 a kan 5 ta zama 8, bari a ƙara 3 a sama ma, sai 3/5 ya koma 6/8. Wannan kuskure ne mai kama da gaskiya. Ƙara lamba ɗaya sama da ƙasa yana canja kason. Dubi 1/2, 2/3, 3/4, 4/5: kowanne an ƙara ɗaya sama da ƙasa ne a kan na bayansa, kuma kowanne ya fi na bayansa girma, suna ta matsawa kusa da guda.

Mu koma aikin da ya kayar da ajinki. Lambobin ƙasa su ne 3, 4, 8, 12 da 6. Ana neman lambar da dukkansu za su raba ta ba saura, wadda ni nake kira mahaɗa, littattafan makaranta kuma suna kiran mafi ƙanƙantarta LCM. Hanya mafi sauƙi ga yara ita ce a kama babbar cikinsu a riƙa ninka ta ana gwadawa. Babbar ita ce 12. Uku ta shiga, huɗu ta shiga, shida ta shiga, takwas ta ƙi. A matsa zuwa 24. Kowa ya shiga. Sai a mayar da su: 2/3 ya zama 16/24, 3/4 ya zama 18/24, 5/8 ya zama 15/24, 7/12 ya zama 14/24, 5/6 ya zama 20/24. Daga nan aikin ɗan aji biyu ne: 14, 15, 16, 18, 20. Amsa ita ce 7/12, 5/8, 2/3, 3/4, 5/6.

Abu biyu ke cinye maki a wannan matakin, kuma ba ruwansu da fahimtar lissafi. Na farko, yaro ya gama aiki ya rubuta 14/24, 15/24 da sauransu a matsayin amsa, ya manta an tambaye shi ne game da na asali. Ki koya musu su rubuta kowane sabon kaso daidai ƙarƙashin uwarsa don kada su ɓata. Na biyu, an ce daga babba zuwa ƙarami ya jera daga ƙarami zuwa babba. Wannan ba shi da magani sai a ja layi ƙarƙashin umarnin kafin a fara.

Wani zai ce dole ne sai mahaɗa mafi ƙanƙanta? Ba dole ba ne. Kowace mahaɗa za ta yi, 48 ma ta yi, 72 ma ta yi. Ko ninka lambobin ƙasan duka ka yi za ka samu mahaɗa, sai dai a wannan misalin 6,912 za ta ba ka, kuma ba na yi wa ɗan shekara goma fatan wannan dakon. Amma in kaso biyu ne kawai, ninka lambobin ƙasan biyu ba laifi ba ne, kada a rage wa yaro maki don ya yi amfani da 48 a inda 24 za ta wadatar. Kuma a duba ko akwai wanda za a iya ragewa tun farko. 18/24 da 35/49 suna da ban tsoro, amma 3/4 ne da 5/7 suka sa manyan riguna, wato 21/28 da 20/28.

Sai maganar ninkin gicciye da kika tambaya. Shawarata ita ce kada ki fara da shi, amma kada ki ɓoye musu shi. Ga yadda yake: a 3/5 da 5/8, ki ninka saman na hagu da ƙasan na dama, 3 sau 8 ya ba da 24. Ki ninka saman na dama da ƙasan na hagu, 5 sau 5 ya ba da 25. Tunda 25 ta fi 24, na dama ya fi. To dubi lambobin nan da kyau. Ba su ne 24 da 25 ɗin da muka samu ɗazu ba? Ninkin gicciye ba wata sabuwar hanya ba ce, daidaita lambar ƙasa ce aka yi, sai dai an yi ƙyuyar rubuta 40 ɗin saboda an san iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Yaron da ya yi doguwar hanyar sau goma ko ashirin, sau da yawa da kansa zai lura cewa ba ya bukatar rubuta ƙasan. A ranar ne ya cancanci gajeriyar hanya. Wanda aka ba shi ita tun farko kuwa zai riƙe ta kamar laya, yana yi bai san me yake yi ba, kuma ranar da ya ajiye 24 a gefen da ba nata ba babu abin da zai ankarar da shi. Ƙa'idar ita ce sakamakon na wanda aka ɗauki samansa ne. Mafi muni, irin wannan yaron in an zo tara kaso da kaso sai ya sake yin gicciyen ya rasa abin da zai sa a ƙasa.

Dabarar nan tsohuwa ce ƙwarai. A wani littafin lissafi na ƙasar Sin mai suna Babi Tara, wanda ya kai shekara dubu biyu ko kusan haka, kuma masani Liu Hui ya yi masa sharhi a shekarar 263, akwai tambaya a babin farko: tsakanin 5/8 da 16/25 wanne ya fi, kuma da nawa? Hanyar da littafin ya bayar ita ce wannan gicciyen: 5 sau 25 ya ba da 125, 16 sau 8 ya ba da 128, a cire ƙarami daga babba saura 3, a ninka lambobin ƙasa a samu 200. Amsa, 16/25 ya fi da 3/200. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya a kan wanne ya fi ba, sun nemi da nawa. Ki ari wannan. Yaron da aka tambaya da nawa dole ya dawo da lambar ƙasan da gicciye ya ɓoye.

Wani gargaɗi kuma: gicciye na kaso biyu ne a lokaci guda. In biyar ne za a jera, sai an yi ta gwada su bibbiyu, kuma nan ne ake ruɗewa. Ga jeri, mahaɗa ta fi.

Yanzu bari in zo inda na fi so mu daɗe, domin nan ne ake bambanta wanda ya iya bin mataki da wanda ya san lamba. Yawancin tambayoyin gwada kaso ba sa bukatar ninka komai idan mutum ya tsaya ya dube su kafin ya ɗauki biro. A ƙarshen shekarun 1970 an yi wa yara 'yan shekara 13 a Amurka wata jarrabawar ƙasa, aka ce su ƙiyasta amsar 12/13 a tara da 7/8, su zaɓa tsakanin 1, 2, 19 da 21. Kashi 24 cikin ɗari ne kawai suka zaɓi 2. Fiye da rabi sun zaɓi 19 ko 21, wato sun tara na sama ko na ƙasa. Yara ne da aka koya wa matakai, amma ba su ga cewa 12/13 kusan guda ne, 7/8 ma kusan guda ne ba. A wurinsu kaso lambobi biyu ne da aka ɗora wata kan wata, ba lamba ɗaya mai mazauni a kan layin lambobi ba. Wannan ganin ne nake so ki gina.

Abu na farko da za a duba: ko lambobin sama iri ɗaya ne? 3/7 da 3/8, gutsure uku nan, uku can, wanda gutsattsarinsa suka fi girma shi ya fi, wato 3/7. Kuma ana iya ƙirƙirar wannan yanayin da gangan. Kowa ya saba daidaita ƙasa, amma ba wanda ya hana a daidaita sama. Ɗauki 3/31 da 6/61. Mai neman mahaɗa zai yi ta fama da 1,891. Amma 3/31 ai 6/62 ne. Yanzu 6/62 da 6/61 ake gwadawa, kuma an gama: 6/61 ya fi, tunda an raba shi gida kaɗan.

Na biyu, a auna da rabi. 4/9 da 6/11: rabin tara huɗu da rabi ne, huɗu ba ta kai ba, don haka 4/9 bai kai rabi ba. Rabin sha ɗaya biyar da rabi ne, shida ta wuce, 6/11 ya haura rabi. Ba sai an ƙara komai ba. Yaro zai iya gwada wannan da ninka lambar sama sau biyu: in ta fi ta ƙasa an wuce rabi, in ba ta kai ba ba a kai ba.

Na uku, a duba abin da ya rage a cika guda. 7/8 da 9/10: na farko saura 1/8 ya cika, na biyu saura 1/10. Wanda giɓinsa ya fi ƙanƙanta shi ya fi kusa da cika, don haka 9/10 ya fi. A nan akwai tarko da ke kama yara masu wayo musamman. Za su ce 3/4 da 5/6 daidai suke, ai kowanne saura ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Saura ɗaya, gaskiya ne, amma ɗaya me? Wannan saura rubu'i, wancan saura sudusi, kuma rubu'i ya fi sudusi. Duk lokacin da yaro ya ce miki "saura ɗaya" ko "saura biyu", ki tambaye shi, biyu me? Wannan gajeriyar tambayar ta fi dogon bayani aiki.

Ga misalin da nake ba manyan ɗalibai don in karya musu al'adar rugawa neman mahaɗa: a jera 5/11, 7/13, 8/17 da 10/19. Lambobin ƙasan nan huɗu babu wadda wata lamba ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, saboda haka mahaɗarsu mafi ƙanƙanta 46,189 ce. Sai ka ga aji ya yi tsit, ana ta goge-goge. Alhali kowannensu maƙwabcin rabi ne. 5/11 da 8/17 ba su kai rabi ba, 7/13 da 10/19 sun wuce, an riga an raba su gida biyu. A cikin waɗanda ba su kai rabi ba, kowanne rabin gutsure ya rage masa ya kai rabi: 5/11 saura 1/22, 8/17 saura 1/34. Giɓin 5/11 ya fi girma, shi ne ƙarami. A cikin waɗanda suka wuce rabi, 7/13 ya wuce da 1/26, 10/19 ya wuce da 1/38, don haka 7/13 ne babba. Jerin ya fito: 5/11, 8/17, 10/19, 7/13, ba tare da an ninka wata lamba da ta wuce sau biyu ba.

Ba ina cewa a yar da mahaɗa ba ne. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma akwai inda dubawa ba ta isa, kamar 3/5 da 5/8 ɗin nan: duka sun wuce rabi, samansu daban, giɓinsu ma 2/5 ne da 3/8, ba sauƙi aka samu ba. Abin da nake so shi ne yaro ya saba da yin ƙiyasi kafin lissafi, ya ce "ina ganin wannan ne zai fi, saboda kaza", sannan ya tabbatar. In lissafin ya saɓa wa ƙiyasin, to akwai inda aka yi tuntuɓe, ya koma ya duba.

Agogo ma abokin aiki ne. Awa ɗaya minti 60 ce, kuma lambobi goma sha biyu ne ke raba 60 ba saura: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30 da 60. Wannan ƙirgen na sittin-sittin gadonsa muka yi daga mutanen Babila na dā. Ki ce musu 2/3 na awa minti nawa ne? Arba'in. 3/4? Arba'in da biyar. 7/12? Talatin da biyar, kuma a fuskar agogo dogon hannu yana kan bakwai daidai, abin da ke sa yara murmushi in sun gano. 5/6 minti hamsin. Sun jera huɗu daga cikin biyar ɗin aikin gidan nan ba su san mahaɗa suke amfani da ita ba. Na biyar, 5/8, zai ba da minti 37 da rabi, domin takwas ba ta raba sittin, amma ko a haka ya faɗa mazauninsa tsakanin 35 da 40. Rula mai inci ita ma haka: an tsaga kowane inci gida 16, kuma makanike da ke jera sufanunsa 3/8, 7/16, 1/2, 9/16, 5/8 yana jera 6, 7, 8, 9, 10 ne bisa 16, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Sauran hanyar ita ce a raba sama da ƙasa a mayar da kason lamba mai ɗigo, ko kashi cikin ɗari. Wannan ma daidaita ƙasa ce a fakaice, an mayar da kowa bisa 10, 100 ko 1,000. Tana da kyau in lambobin ƙasa suna shiga ɗari cikin sauƙi: wanda ya ci 17 cikin 20 ya samu kashi 85, wanda ya ci 21 cikin 25 ya samu kashi 84, na farko ya fi ko da yake 21 ta fi 17. Da kalkuleta a hannu kuwa ita ce mafi sauri ga dogon jeri. Amma tana da nata ramukan. Yaro zai ce 0.625 ya fi 0.63 domin 625 ta fi 63, tsohuwar cutar ce ta dawo da sabuwar kama. Maganinta a cike da sifili su yi tsawo ɗaya, 0.625 da 0.630. Sannan akwai haɗarin yanke wutsiya. In aka taƙaita 2/3 zuwa 0.67 sai ya yi kama da 67/100, alhali gicciye na ba da 200 da 201, 67/100 ya fi da 1/300. Haka 22/7 da 355/113, waɗanda duka ake amfani da su a madadin lambar nan ta da'ira da ake kira pai, na biyun masanin Sin Zu Chongzhi ne ya samo shi a ƙarni na 5. Duka biyun 3.14 ne in aka tsaya a gida biyu. Gicciye kuwa ba ya ƙiyasi: 22 sau 113 ya ba da 2,486, 355 sau 7 ya ba da 2,485. Bambancin ɗaya ne tak bisa 791, kuma 22/7 ne babba.

In kaso ya wuce guda, wato samansa ya fi ƙasansa, a fara ciro cikakkun lambobin. 17/5 uku ne da 2/5, 23/7 uku ne da 2/7. Uku-ukun sun tafi, saura 2/5 da 2/7, sama iri ɗaya, 17/5 ya fi. In cikakkun sun bambanta ma ba sai an kalli gutsattsarin ba. Lambobin da ke ƙasa da sifili ba na ajinki ba ne tukuna, amma don kada wata rana wani ya yi miki ba-zata: a can komai juyawa yake yi. 3/4 ya fi 2/3, amma -3/4 bai kai -2/3 ba, domin ya fi nisa da sifili ta hagu. Kuma kafin a yi gicciye a tabbata alamar ɗebewar tana sama, in tana ƙasan ɗaya daga cikinsu amsar za ta kife.

Game da tsarin darussan, ni da zan ba takarda da almakashi kwana biyu cur, har sai kowa ya iya faɗin dalilin da ya sa 1/6 ya fi 1/8 da bakinsa. Sai layin lambobi: ki ja dogon layi a allo, sifili a hagu, ɗaya a dama, rabi a tsakiya, ki raba musu katuna masu kaso daban-daban, kowa ya fito ya liƙa nasa inda yake ganin ya dace ya kuma kare kansa a gaban aji. Gardamar da za ta tashi tsakanin mai 3/5 da mai 5/8, kowa na cewa nasa ne a gaba, ita ce za ta sa su nemi mahaɗa da kansu, ki bar ta ta yi zafi kaɗan kafin ki sa baki. Gicciye ya zo a mako na biyu ko na uku.

In kin ga wasu sun riga sauran gamawa, ki ba su wannan: su nemo kason da ke tsakanin 24/40 da 25/40. Da yawa za su ce babu, ai ba lamba tsakanin 24 da 25. Ki ce su sake yanka kowane gutsure biyu. Za su ga 48/80 da 50/80, ga 49/80 zaune a tsakiya. Sai ki ce to tsakanin 48/80 da 49/80 fa?